Kafin Ka Sayi Keken Nan, Abba

Assalamu alaikum, Abba.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ka isa Bunkure lafiya, ka kuma sami ɗakin da suka ce za su ba ka yadda suka faɗa. Allah ya tsare mini kai a zaune da tafe, ya raba ka da sharrin hanya da na ruwa da na mutum. Mu nan muna lafiya. Ba labarin gida zan ba ka ba, wannan ƙanwarka Rabi za ta gaya maka a waya. Magana ɗaya ce ta sa na nemi biro da takarda. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san inda karatuna ya tsaya.

Ranar da za ka tafi ka zauna kusa da ni a tabarma, ka nuna mini hoton kekuna biyu a wayarka. Ka ce wurin 'yan gwanjo ka gan su a birni, kuma ɗaya za ka saya da zarar albashinka ya fito. Ka ce aikin da kamfanin iri suka ba ka yawo ne daga wannan gona zuwa waccan, ka duba shuka ka kai bayani, rabin hanyar kwalta ce, rabi gaɓar kanal na ban ruwa, shi ya sa kake neman keken da zai ci duka biyun. Ka tambaye ni wanne ya fi yi mini. Na tashi na shige madafi. Na san ka zaci fushi na yi. Ba fushi ba ne. Cewa ka yi Turawa tsere suke yi da irinsu cikin taɓo, idan sun zo inda ba hanya sai su saɓa shi a kafaɗa su ruga. Kana dariya kake faɗa. Ni kuwa da na ji maganar ɗaukar keke sai na kasa zama, don babanka yana ɗauke da keke ya faɗi.

Bayan tafiyarka na sa Rabi ta buɗe mini hotunan da ka tura mata, na yi ta kallonsu har ta gaji da riƙe wayar. Dukansu kawunansu a lanƙwashe suke kamar ƙahon rago. Ɗaya ja ne, yana sheƙi, tayoyinsa sirara sumul, ka ce giyarsa ta fi yawa, kuma a kwalta ba mai kamo shi. Ɗayan ruwan toka ne, fentinsa duk ya kankare, tayarsa ta ɗan fi kauri kuma tana da haƙora, birkinsa a tsakiyar ƙafa yake, yana kama wani faifan ƙarfe. Ka ce shi akwai inda za a ɗaura masa kariya ta ɗora kaya. Na ga yadda yatsanka ya daɗe a kan jan. Ni na haife ka, ba sai ka faɗa ba.

Ban san giyar keke ba, ban taɓa hawa keke ba a rayuwata. Amma na zauna da mai keke shekara da shekaru, ni nake wanke masa kaya, ni nake ganin yadda yake dawowa. Abin da na sani daga kurakuraina na san shi, su zan gaya maka.

Lokacin da babanka zai sayi baƙin kekensa, kana goye. Ya dawo daga Kura ya ce biyu ya gani. Ɗaya tsirara yake, ba murfin taya, ba murfin sarƙa, ba komai, amma ba nauyi. Ɗayan kuwa a rufe yake ruf, da murfi a kan kowace taya, da murfin sarƙa, da ƙararrawa, da madubi, da kariya mai faɗi kamar teburi. Shi hankalinsa ya fi kwanciya da na farkon. Ni na hana shi sakat. Na ce yaya za a yi magidanci ya hau abin da ya yi kama da wanda aka sace wa kaya. A raina kuwa matan layinmu nake tunani, ina so idan ya jingine shi a ƙofar gida su leƙo su gani. Ya yi murmushi ya ce to, ya je ya sayo wanda nake so.

Sun leƙo kuwa, sun gani, sun yi mini barka. Da aka saki ruwan rani, gaɓar kanal ta jiƙe, sai keken ya nuna halinsa. Laka takan shige tsakanin taya da murfinta ta cushe, ta haɗu da ciyawa da karan shinkafa, har ƙafar ta daina juyawa gaba ɗaya. Ba ya hawuwa, ba ya turuwa, sai ja ko ɗauka. Babanka ya koma yawo da ɗan guntun sanda a aljihu na sakace laka. Ko ka tuna kana yaro kana ɗauke masa ita kana wasa yana nema? Na sha ce masa ya cire murfin mana. Sai ya ce ai ko an cire, ƙarfen kansa ya matse tayar, haka aka ƙera shi. Ranar da ya dawo da laka har gwiwa yakan jingine shi ya dube ni ya ce, "Ke kika zaɓa, ni nake ɗauka." Da wasa yake faɗa. Muna dariya.

Don haka idan ka koma wurin masu kekunan, kada ka fara da fenti. Ka tsuguna. Ka sa yatsunka tsakanin taya da ƙarfen da ya kewaye ta, gaba da baya. Idan yatsu ba su shiga sun yi wasa ba, laka ma ba za ta sami hanyar fita ba. A hoton dai na ga jan kamar ya matse, mai ruwan tokan kuwa har ana hango bango ta tsakani. Hoto yana iya yaudara, ka duba da hannunka. Birkin jan kuma a gefen taya yake cizo, irin na babanka, daidai inda laka take zama. Na babanka idan ya jiƙe sai ka ji yana kuka amma keken na tafiya.

Sannan ka ɗaga shi. Ba ɗagawar gwaji ta gaban mai kaya ba. Ka ɗora shi a kafaɗa ka yi tafiya da shi har ƙarshen layin ka dawo, su yi maka kallon mahaukaci in sun so. Ka ji ko ƙarfen yana cin kafaɗa, ko wata waya tana shiga wuyanka, ko kana iya ganin inda kake taka ƙafa. Ka ce jan ya fi rashin nauyi, na yarda. Amma idan laka ta cushe shi nauyin zai dawo, kuma zai dawo ne daidai lokacin da ba ka so. Gara wanda ya ɗan fi nauyi a shago amma tayarsa na juyawa a gona.

Kuskurena na biyu ya fi daɗewa, don kullum nake yinsa ban san kuskure ba ne. Kariyar nan mai faɗi ta zame mini kamar motar haya. Idan zai fita sai in ce tunda Kura za ka bi, ga tsakin da za a kai wa Yaya, ga jarkar manja, ga niƙa. Maƙwabta ma suka koya daga gare ni. Shi kuma ba ya iya cewa a'a, ka san halinsa, kai ma ka ɗauko shi. Sai ya ɗaure kayan mutane a kan buhun taki, ya gitta bututun ban ruwa a samansu, ya fita yana tangaɗi kamar raƙumi. Ban taɓa bin sa na ga yadda yake ƙetare ƙananan kanal da wannan lodi ba. Ni dai na san an kai saƙo.

Kariya tana da amfani, kuma ita ce ɗaya daga abin da ya sa mai ruwan tokan ya fi kwanta mini. Ba na so ka rataya jaka a baya cikin zafin nan gumi yana cinka, kuma ba na so ka rataya komai a kan keken inda hannu yake, don yana fizge mutum. Amma ka sa ƙarama. Wadda za ta ɗauki jakarka da gorar ruwa da famfo, ta ƙare. Manoman da za ka riƙa zagayawa mutanen kirki ne, za su ba ka albasa, za su ba ka tumatir, wani zai ce ɗan miƙa wa ɗan'uwana wannan tunda can za ka. Ka yi godiya, ka ɗauki kaɗan, ka ce keken ba ya ɗaukar kaya. Ba ƙarya ka yi ba. Ko ni ce na manta na ce ka taho mini da wani abu, ka tuna mini da wannan takarda.

Akwai kuma maganar kaya, wadda za ta ba ka dariya. Ni ba na son babanka ya fita da guntuwar riga. Nakan wanke masa doguwa, in sa sitaci, in kai guga, don kada a ce matar Malam ba ta kula da shi. Wata Juma'a bakin wandonsa ya shige sarƙa a gaban masallaci, ya sauka da ƙafa ɗaya yana tsalle, wandon ya tsage har cinya. Ya dawo gida yana riƙe da shi, ni kuma abin da na fara tambaya wandon ne, ba ƙafar ba. Kekunan da ka nuna mini ba su da murfin sarƙa ko kaɗan. Ka ɗaure bakin wandonka da roba ko ka cusa shi a safa. Kwalliya ka bar ta sai ka sauka.

Ban manta da kwalta ba. Kada ka zaci don na cika maganar kanal titi ba ya ba ni tsoro. Yanzu kakar tumatir za ta kama, manyan motoci za su cika hanya da kwanduna har suna leƙowa gefe, direbobin ba su yi barci ba. Idan suka matso dole ka sauka gefen titi, gefen titin nan namu kuwa yashi ne da ɓuntu da ruɓaɓɓen tumatir, ga masu shanya shinkafa sun shimfiɗa har bakin kwalta. Siririyar taya mai sulɓi ban ga abin da za ta kama a nan ba. Ka ce jan ya fi gudu. Abba, ina za ka da gudu? Gonakin ba sa tafiya ko'ina.

Baffanka Iliya ya zo shekaranjiya, na ba shi labari. Ya ce duk wannan ɓata kuɗi ne, ga keken uban yaro nan a jingine a zaure, a sa masa sabuwar taya ya hau, ai gado ne. Sannan ya ce to in ba haka ba a karɓar maka babur a riƙa biya a hankali, ma'aikacin kamfani a kan keke abin kunya ne. Na ce masa babur ya fi ba ni tsoro, don shi idan ya kwanta a kan mutum a gaɓar kanal ba ya ɗaguwa. Maganar keken babanka kuwa na ce a bar ta. Ya ce, "Ke dai tsoro ya yi miki yawa, abin da Allah ya rubuta ba keke ne zai canza shi ba." Na ce haka ne, Baffa. Gaskiya ya faɗa, kuma don yana sonka ya faɗa. Amma ba za ka hau keken nan ba ina raye.

Akwai abu ɗaya da yake damuna game da mai ruwan tokan, kuma ba ni da amsarsa. Birkin nan nasa na faifai, ban taɓa ganin irinsa a wurin mai gyaran keke na garinmu ba. Idan ya cinye fa? Idan faifan ya lanƙwashe kana can cikin gonakin Kadawa fa? Kafin ka biya, ka je wurin mai gyara na nan Bunkure ka nuna masa hoton, ka tambaye shi ko yana iya taɓa shi, ko ana samun abin da ake canza masa, ko tayar da ta cikinta ana samun girmansu ba sai an je birni ba. In ya ce ana samu, ka sayi na ajiya tun ranar. In ya ce ba a samu, to ban sani ba, Abba. Ka ƙara nema, kada ka ce dole sai cikin biyun nan. Wannan tunanin yana hana ni cin abinci wani lokaci, in ga kamar duk wanda na ce ka ɗauka wani abu zan jawo maka. Na taɓa zaɓar keke sau ɗaya.

Yanzu bari in zo kan safiyar. An ba ka labarinta sau da yawa a zaman makoki, amma daga bakin waɗanda suke gona. Ni daga cikin gida zan ba ka.

Ranar ruwanmu ce, ranar da za a sako wa gonarmu ruwan kanal. Ka san yadda take: idan aka buɗe wa layinku, in ba ka nan ka karkata shi gonarka, na gaba zai ja, kai kuma sai zagaye ya dawo, dashenka yana ƙonewa kana kallo. Duk manomin wurin nan ranar ruwa ba ya cikin hayyacinsa. Na ga mutanen da suka bar jana'iza, na ga wa da ƙani sun ɗaga wa juna fartanya. Babanka ya tashi zai fita tun da sassafe, ni kuma na ce ba zai fita da yunwa ba, koko ya kusa. Itacen ɗanye ne, wutar ta ƙi. Ya zauna yana kaɗa ƙafa yana kallon rana. Da ya sha ya miƙe, na bi shi zaure da kular abinci da ƙullin da za a kai wa Yaya, ya ɗaure su a kan taki da bututu. Sai da ya fitar da keken ya ce, "Yau kam sai ta katako, gada ta yi nisa."

Na ji shi sarai. Na san katakon, wanda aka gitta a kan kanal don masu ƙafa. Na san an saki ruwa tun jiya, na san gaɓar ta jiƙe. Abin da na ce masa shi ne kada ya manta ya dawo da kular.

Sauran ka sani. Laka ta cushe ƙafar baya kafin ya kai katakon, bai tsaya sakacewa ba, ya rungumi keken da kayansa ya hau. Santsi ya kwashe shi a tsakiya, ya bugu da simintin gefe, keken ya bi shi. Da aka kai shi asibiti yana magana, har yana tambaya ko an karkata ruwan. An karkata. Maƙwabcin gonarmu ne ya yi masa, wanda babanka yake tsoron zai janye ruwan.

Malamai sun yi mini nasiha lokacin takaba, kuma na karɓa. Kwanansa ne ya ƙare, ba kokona ba ne, ba kular ba ce. Na yarda da wannan da zuciya ɗaya, kada ka sa a ranka cewa uwarka tana zaune tana tuhumar kanta. Amma yarda da ƙaddara bai goge mini abin da na gani ba. Na ga mutum mai hankali, mai haƙuri, wanda ya fi kowa sanin kanal ɗin nan, ranar ruwa ta sa shi ya yi abin da da bakinsa yake hana yara.

Kai kuma aikinka duk a cikin ranakun ruwan mutane yake. Za su kira ka a waya, wannan ya ce ka zo yanzu ganyen tumatirinsa ya naɗe, wancan ya ce in ba ka zo kafin azahar ba zai kai ƙararka wurin manyanka. Sabon ma'aikaci ne kai, kana so a yaba maka. Kuma ga abin da ya fi tsorata ni: keken da za ka saya mai sauƙin ɗauka ne. Na ce ka zaɓi wanda za ka iya saɓawa, kuma ban janye ba, don akwai 'yan rafuffukan cikin gona da dole sai an tsallaka, waɗanda ruwansu bai wuce idon sawu ba. Amma sauƙin nan shi zai riƙa raɗa maka cewa katako ma ba komai ba ne. Babanka da keke mai nauyi ya gwada. Kai da marar nauyi me zai hana ka?

Da farko niyyata in hana ka keken gaba ɗaya. Na kwana biyu ina shirya maganar, na san kuma da na faɗa za ka bari, ka riƙa tafiya a ƙasa kana jin haushina a ɓoye. Na ga wannan ba adalci ba ne. Aikinka ne, ƙuruciyarka ce, kuma na ga yadda idonka ya yi haske a kan tabarmar nan, rabon da in ga haka tun kafin rasuwar. Ka saya. In yatsunka sun shiga, in kafaɗarka ta yarda, in mai gyara ya ce zai iya, ka ɗauki mai ruwan tokan. Na sa maka albarka a kansa. Jan ka bar wa 'yan birni.

Abu ɗaya na roƙe ka, kuma shi ba shawara ba ce. Duk inda ka iske babban kanal da ruwa a ciki, ka zagaya ta gada. Ko gadar tana ina. Ko kana hango mutumin a tsallake yana ɗaga maka hannu, ko yara suna wucewa ta katakon a guje, ko rana tana faɗuwa. Na san za su yi maka tsiya. Za su ce ɗan boko ne, tsoron ruwa yake, za su ce ina amfanin keken tseren. Kai kuma kunya za ta kama ka, ka rasa abin faɗa. To ga abin faɗa na ba ka: ka ce uwarka ce ta hana. Ka faɗa da ƙarfi kowa ya ji. Su yi dariyar a kaina, ni ina gida, ba za ta iso ni ba. Wanda ya san babanka a cikinsu ba zai yi dariyar ba ma.

Allah ya kai ka inda za ka lafiya, ya dawo da kai ɗakinka lafiya, yau da gobe da kullum. Ya sa albarka a aikinka, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya riƙe ƙafarka a inda yake da santsi. Allah ya jiƙan babanka, ya haskaka makwancinsa. Ka riƙe salla a kan lokaci, ka riƙa cin abinci kafin ka fita, amma in ya ƙi dahuwa ka fita abinka a hankali, ka ci a hanya.

Idan ka karanta ba sai ka kira ka yi mini dogon bayani ba, ka san ba zan iya amsa maka a waya ba. Ka ce wa Rabi ta gaya mini ka ji.

Wassalam.

Ummanka